Daga Awartaki Zuwa Dashe: Tarihin Ciwon Dasashi da Mayar da Haƙori a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau abu ne wanda kowa yake ɗauke da shi a bakinsa, amma ba safai akan zauna a bi diddigin tarihinsa ba. Watau dasashi, naman nan da ke kewaye da haƙora, da ciwon da ke kama shi, da kuma dabarun da ɗan Adam ya ƙago don cike giɓi idan haƙori ya fita. Yaro yana da haƙora 20 kafin ya yi famfara, baligi kuwa 32. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa zubewar waɗannan haƙora tamkar furfura ce, tsufa ne ke kawo ta. Ina so in nuna, ta hanyar tarihi, cewa akasari ciwo ne ke zubar da su, ciwon kuwa an san sababinsa, an kuma san maganinsa. Zan ɗauki ƙasar Madobi da Kura da Bunkure a matsayin ma'auni, domin ƙasa ce ta manoma wadda ba ta da nisa da birnin Kano, ta kuma ga canji mai yawa tun daga shekarun 1970. Duk ilmin da bai iso wa manomin Kafin Agur ko na Burji ba, to da sauransa.

Abin da Muka Gada

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya kula da bakinsa. Babban makaminsa shi ne asuwaki. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san an lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala, saboda haka tsabtar baki ta shiga rayuwar jama'a ta ƙofar ibada, abin da ake maimaitawa kullum. Itatuwan da ake yin sa da su kuwa suna nan a bakin gona: akwai marke, da kanya, da shuwaka, sa'an nan daga baya darbejiya, wadda aka shigo da ita ƙasar Barno a 1928 ta bazu ko'ina. Wasu kan goge haƙora da gawayi da gishiri, wasu kan kurkure baki da jiƙon bagaruwa idan dasashi na jini, a kuma danna kanumfari a kan haƙori mai zogi. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirranmu a littafinsa na 1916, ya kuma bayyana amfanin da ake yi da su a babban littafinsa na 1937.

Haƙori kuma abin ado ne. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a 1824, ya rubuta cewa ya tarar maza da mata suna rina haƙoransu ja da furen taba da na gurjiya. Wannan shi ne cin fure, wanda tsofaffinmu mata suka riƙe har kwanan baya. Wushirya ma abin yabo ce, wawulo kuwa abin zolaya.

To, amma idan ciwo ya ci ƙarfin asuwaki fa? A nan ne gadonmu ya gaza. Haƙorin da ya soma girgiza sai a jira shi ya faɗi, ko a ɗaura masa zare a fizge, ko a je wurin wanzami ko maƙeri ya sa awartaki. Ba a da wata hanya ta ceto shi, ba a kuma da abin da za a mayar a gurbinsa. A taƙaice, kakanninmu sun iya rigakafi, sun iya cirewa, abin da ke tsakanin biyun ne ba su samu ba.

Yadda Aka Gano Sababin Ciwon

Addinin da ya ƙarfafa mana asuwaki yana da likitocinsa, kuma ɗaya daga cikinsu ya taɓo wannan tsakanin tun shekara dubu da suka wuce. Shi ne Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013. A cikin littafinsa al-Tasrif ya yi bayanin tsatsar nan mai tauri da ke taruwa a gindin haƙori, ya ce ita ke ɓata dasashi, ya kuma zana hotunan ƙarafan da ake kankare ta da su. Haka kuma ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiza a jikin maƙwabtansa da zaren zinariya ko azurfa, da yadda ake sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a cike giɓi. Turawa sun fassara wannan sashe na fiɗa zuwa Latin, suka daɗe suna karanta shi a makarantunsu.

A 1683 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba ta a madubin da ya ƙera mai ƙara girman abu, sai ya ga ƙananan halittu suna ta motsi a ciki. A 1728 kuma Pierre Fauchard na Faransa ya buga littafin da ake ɗauka shi ne mafarin aikin haƙori na zamani. Duk da haka an ci gaba da gardama kan abin da ke haddasa ciwon dasashi, wasu su ce gado ne, wasu su ce abinci, wasu su ce tsufa.

Ba a kashe wannan gardama ba sai a 1965, a garin Aarhus na ƙasar Denmak. Farfesa Harald Löe da abokan aikinsa suka sami mutane masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina goge baki ɗungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da aka ce su koma gogewa, cikin kamar mako guda kumburin ya sace. Wannan ya tabbatar da cewa dauɗar nan mai yauƙi, wadda ƙwayoyin cuta suka cika, ita ce tushen abin.

Ga yadda ciwon yake tafiya. Tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ɗan lungu wanda zurfinsa a lafiyayyen baki bai wuce milimita 3 ba. Idan dauɗa ta kwana a nan, dasashi kan yi ja, ya riƙa jini in an taɓa shi. A wannan mataki gogewa ta isa magani. In an bar ta, sai ta haɗu da sinadaran yawu ta daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya, daga nan kuwa babu asuwaki ko burushin da zai iya fitar da ita. Sai dasashi ya soma rabuwa da haƙori, lungun ya zama aljihu mai zurfin milimita 5 ko 6 ko fiye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta su sauka cikin aljihun, jiki ya tashi yaƙi da su, a cikin wannan yaƙi ne ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori yake zaizayewa. Mugun halin ciwon shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa. Mutum kan ga jini a asuwakinsa shekara da shekaru bai damu ba, sai ran da ya ji haƙori lafiyayye, ba rami ba kogo, yana rawa a bakinsa.

Akwai wani bincike na Löe da ya fi kusa da halin mutanenmu. Daga 1970 zuwa 1985 ya bi ma'aikatan gonakin shayi a ƙasar Siri Lanka, waɗanda ba sa ganin likitan haƙori. Ya tarar kashi 8 cikin ɗari ciwon yana cin su da sauri ƙwarai, kashi 81 yana tafiya sannu a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba. Darasin shi ne, ba kowa ne ke bukatar babban ƙwararre ba, amma akwai 'yan kaɗan da za su rasa haƙoransu tun da ƙuruciya in ba a gano su da wuri ba. An kuma tabbatar cewa shan taba da ciwon sukari suna rura wutar ciwon. A rahotonta na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na baligan duniya, watau mutum fiye da biliyan ɗaya, suna da ciwon dasashi mai tsanani.

Cike Giɓi

Yanzu sai mu juya ga mayar da haƙorin da ya riga ya fita. A Turai an daɗe ana sassaƙa haƙoran jabu da hauren giwa da na dorina, wani lokaci ma a kafa musu haƙoran matattu. Bayan yaƙin Waterloo na 1815 haƙoran sojojin da suka mutu sun shiga kasuwa. Wannan duk na masu kuɗi ne. Talaka bai samu shiga ba sai a shekarun 1850, da aka gano yadda ake gasa roba ta yi tauri a kafa mata haƙoran tangaran, daga baya kuma, a ƙarshen shekarun 1930, aka sami robar nan mai launin dasashi da ake aiki da ita har yau. Ita ce muke kira haƙoran roba, waɗanda ake sawa a cire. Akwai kuma gada, inda ake fiƙe haƙora biyu da ke gefen giɓi a rataya sabon haƙori a tsakaninsu.

Babban juyi ya zo ne daga ƙasar Suwidin. A 1952 wani likita, Per-Ingvar Brånemark, yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomo, ya kafa wani ɗan ƙarfen titaniyam a ƙashin. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko irin wannan ƙarfe a muƙamuƙi, bayan taron da aka yi a Toronto a 1982 kuwa sai dabarar ta bazu a duniya. Wannan shi ne dashen haƙori: a kafa ƙusa mai zare cikin ƙashi, a jira wata uku zuwa shida ta kama, sa'an nan a ɗora mata kan haƙori.

Sai dai a lura da abu guda, domin shi ne ƙashin bayan wannan lacca. Gada tana dogara ne da haƙoran gefe, dashe yana dogara da ƙashi, ciwon dasashi kuwa su biyun yake ci. Ƙwayoyin cutar da suka zubar da haƙorin asali suna iya kama gindin ƙarfen dashe su zubar da shi. Saboda haka ƙwararren likita ba ya fara mayar da haƙori sai ya warkar da dasashi tukuna, kamar yadda magini ba ya ɗora azara a kan bangon da gara ta cinye.

Mu a nan muna da namu tarihin sa ƙarfe a baki, watau haƙorin Makka. Malaman fiƙihu sun halatta gyaran haƙori da zinariya saboda lalura, suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja, wanda aka yi wa izinin sa hancin zinariya. Da jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji daga Kano tun shekarun 1950, sai haƙorin Makka ya zama shaidar alhaji da hajiya. Amma galibi kwanso ne ake kifawa a kan lafiyayyen haƙori. In bakin kwanson bai zauna daidai ba, nan ne dauɗa take samun maɓoya, dasashin wurin ya yi ta kumburi. Abin mamaki ne a ce mun riga mun saba da yi wa haƙori mai lafiya ado kafin mu saba da ceton mara lafiya.

Zuwan Likitan Haƙori

Aikin haƙori na zamani ya shigo Nijeriya ta kudu, a farkon ƙarni na 20, ta hannun 'yan mishan. Ɗan ƙasa na farko da ya zama likitan haƙori shi ne Dokta Sidney Philips, a 1926. Gwamnatin mulkin mallaka ta ajiye likitocin haƙori ƙalilan ne, a manyan garuruwa, akasari don Turawa da manyan ma'aikata. Makarantar farko ta horar da su an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, ta Ibadan ta biyo baya a 1975. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa an kafa ta a 1979, tana da sashen haƙori. A nan ne likita, bayan shekara shida na jami'a, yake ƙara wasu shekaru kafin a kira shi ƙwararre kan dasashi ko kan mayar da haƙora.

Arewa ta daɗe tana jira. Akwai sashen fiɗar baki da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello a Kaduna, inda Farfesa E. O. Adekeye ya yi suna, amma tsangayar horar da likitocin haƙori ba ta samu ba sai a 2002 a Jami'ar Maiduguri, shekara 36 bayan ta Legas. Daga baya Jami'ar Bayero ta buɗe tata, tana horarwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Wannan jinkiri ya bar tabo a tunanin jama'a. Tun da likita ɗaya ne ga jama'a mai ɗimbin yawa, marasa lafiya kuma ba sa zuwa sai haƙori ya gama lalacewa, aikin da ya fi yawa shi ne cirewa. Har yau mutane da yawa, in an ce asibitin haƙori, abin da ke zuwa zuciyarsu shi ne wurin cire haƙori. Awartakin maƙeri ya koma na asibiti, an ƙara masa allurar kashe zafi da tsabta, amma tunanin bai canja ba.

Inda Dasashi Ke Kisa

Kada wani ya ce ai magana ce ta ado da taunar nama kawai. Akwai wani nau'in ciwon dasashi da ke kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Yakan fara da gyambo a dasashi, da jini da warin baki. In ba a yi magani ba, cikin 'yan kwanaki sai ya huda kumatu ya ci leɓe da hanci. Likitoci na kiransa noma, sunan da ya fito daga harshen Girka, bai da alaƙa da noman gona. A karkara wasu kan ce ciwon iska ne ko ciwon daji. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa.

'Yan Nijeriya sun taka rawa babba wajen fahimtar wannan ciwo. A 1972 Cyril Enwonwu ya buga bincikensa da ya nuna dangantakarsa da rashin abinci mai gina jiki, a 1983 kuma Adekeye da abokin aikinsa Ord suka rubuta yadda ake gyara fuskar waɗanda suka tsira. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga taimaka masa a 2014, a Damagaram ma akwai cibiyar kula da irin waɗannan yara. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, aka kuma amince a watan Disamba na 2023. Abin baƙin cikin shi ne, a matakin farko, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa su tsayar da shi. Yaron da za a yi wa fiɗa sau da yawa a Sakkwato, da an buɗe bakinsa an duba a makon farko, da bai rasa fuskarsa ba.

Komawa Madobi

To, ina wannan tarihi ya bar manomin Madobi? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma kafa hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, ƙasar Kura da Bunkure da kewaye ta zama ta noman rani: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, rake. Wannan alheri ne ga baki, domin ɗanyen kayan lambu yana ƙarfafa dasashi, wadatar abinci kuma ita ce babbar garkuwa daga noma. Amma kuɗin da noman rani ya kawo ya zo da shayi mai sukari safe da yamma, da lemon kwalba, da alewa, da taba sigari, ruwan da ke kwance a fadamu kuma yana tsawaita zamanin sauro. Matasa da dama sun yar da asuwaki suna ganin ƙauyanci ne, ba su kuma riƙi burushi yadda ya kamata ba, sun zauna babu tsuntsu babu tarko.

Ƙwararrun da na ambata kuwa suna birni. Manomin da ke tsakiyar ban ruwa ba zai bar gonarsa ya kwana a layin asibiti saboda jini a asuwaki ba. Yakan sayi ƙwayar kashe zafi a kemis, sai abin ya gagara ya je a cire. Dashe kuwa, kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin yawancin magidanta.

Saboda haka, a ganina, tarihi ya nuna mana jerin da ya kamata a bi. Na farko, a mayar wa asuwaki darajarsa, a koya wa 'yan firamare da na Islamiyya yadda ake bi da shi, ko da burushi da man goge baki, a kan iyakar haƙori da dasashi, ciki da waje. Na biyu, ma'aikacin ƙaramin asibiti da ke auna yaro ko yi masa rigakafi ya saba buɗe bakinsa, mai auna sukari kuma ya tambayi mara lafiya ko dasashinsa na jini. Na uku, a ajiye ma'aikatan kankare tsatsar haƙori a asibitocin ƙananan hukumomi, domin aikin da al-Zahrawi ya bayyana ba ya bukatar farfesa. Na huɗu, a buɗe hanya mai sauƙi ta tura 'yan kaɗan ɗin nan da ciwon ke ci da sauri zuwa ga ƙwararru a Kano. Wannan shi ne ruhin shirin lafiya matakin farko da aka amince da shi a Alma-Ata a 1978, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin kafawa sa'ad da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Game da mayarwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 1992 cewa haƙora 20 na asali masu aiki sun ishi mutum, don haka ba kowane giɓi ne tilas a cike ba, haƙoran roba da aka auna da kyau kuma suna biyan bukatar mutane da yawa.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa kakanninmu sun bar mana rigakafi, masana sun gano mana sababi, ƙwararru kuma sun kai ga dasa ƙarfe cikin ƙashi. Abin da ya rage aiki ne na tsari, kuma yana hannun waɗanda ke zaune a wannan zaure. Ku ma'aikata, ku ke rubuta kasafin kuɗin ƙananan hukumomi, ku ke raba ma'aikatan lafiya. Ku ɗalibai, daga cikinku za a sami likitocin da za su zaɓi zama a birni ko fita karkara. Kafin wannan, kowa ya duba asuwakinsa gobe da asuba, ya kuma duba bakin ƙaramin yaron da ke gidansa. In an ga jini, kada a jira zafi.